Na'ura Mai "Lafiya Lau"

Abokina Gambo injiniyan kwamfuta ne a wani kamfani a Kaduna da ke haɗa na'urar rarraba intanet. Aikinsa yana can cikin ƙwaƙwalwar na'urar, wato manhajar da ke juya sauran manhajoji. A nan aka dasa 'yan tambayoyi birjik: duk taku ɗaya sai na'urar ta tsaya ta duba ko komai lafiya, in ta ga matsala ta yi gargaɗi. Wannan tsaye-tsayen ne ya sa take tafiyar hawainiya. Ogansa, Alhaji Tanimu, mutum ne da ba ya son jin "amma", ya ba shi mako guda: ko na'ura ta yi sauri kafin masu saye su zo gani, ko ya tattara komatsansa.

Gambo ya yi masa bayani da Hausar da zai gane. Ya ce abin kamar gaisuwa ne, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kwana biyu, sau miliyan a daƙiƙa ɗaya, kuma kusan kullum amsar lafiya lau ce. Dabararsa ita ce a taƙaita gaisuwar, a ajiye dogon bayani gefe sai ranar da aka samu matsala. Sai dai aikin zai ci mako biyu.

Alhaji ya ce, "Tunda ka san amsar, meye na tambaya? Cire tambayar, ka bar amsar."

Gambo ya tuna iyalinsa, ya je ya cire tambayar, ya bar amsar. Raina ya ɓaci da ya ba ni labarin, amma ni ma da haka zan yi.

Ranar gwaji na'ura ta yi gudu har Alhaji yana gyara hula yana kallon baƙi. Can sai ta ɗau zafi, ta fara warin ƙonewa, intanet ya ɗauke. A fuskar kwamfuta kuwa ga rubutu ɓaro-ɓaro: LAFIYA LAU.

Alhaji ya juyo a fusace, gaban baƙi ya ce, "Kai Gambo, wane irin iskanci ne wannan? Tana ƙonewa tana ce min lafiya lau? Ba ta iya faɗin gaskiya ba ne?"

Gambo ya zare waya daga soket, ya ce, "Ranka ya daɗe, watanta shida a ofishin nan. Ita ma tana son aikinta."