Yadda Nafi'u Ya Yi Ƙiba A Shagon Sabo

Ke Asabe, rage rediyon nan, ku matso ku sha labari. Wallahi tun shekaranjiya nake dariya ni kaɗai a ɗaki, har maigidana ya fara yi mini kallon wadda ke bukatar tofi.

Kun dai san maƙwabciyata Karimatu, wadda katanga ɗaya ta raba mu a nan Funtua. To mijinta Nafi'u tela, shi ne siririn nan da in ya juya gefe sai ki neme shi ki rasa. Kuma kar ku ɗauki alhakin baiwar Allah, wallahi tana girki. Ni shaida ce, ƙamshin miyarta ta kan katanga yake tsallakowa ya hana ni sakat. Shi ne dai Allah Ya yi shi haka, ci ba ƙiba asarar hatsi. Zai share kwanon tuwo ya kora da fura, ya miƙe kamar wanda ya kai azumi.

Ana nan sai wani ɗan ƙauyensu ya kawo masa ɗinki, ya koma ya tsegunta wa mahaifiyarsa, Inna Yalwa, wai autanta ya kusa ƙarewa, wuya kamar mariƙin lema. Kun san uwa da auta. Nan take ta sa aka kira mata Karimatu. Ina gidan lokacin, kuma muryar Inna ba ta bukatar a ƙara mata sauti.

Ta ce, "Ke 'yar nan, an ce kin mayar mini da yaro tsinken tsire. Gwiwoyina ba sa son mota, amma a ɗauko mini shi a waya yana motsi yana magana, in gan shi da idona. In na tarar yadda aka faɗa mini ne, zan tattaro komatsaina in dawo gidan nan da zama, in karɓi tukunyar."

Karimatu ta ajiye waya ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku, Ladidi! Na kaɗe har ganyena!"

Ni ban ga laifinta ba. Zuwan Inna na ƙarshe, lokacin sunan 'yarsu Walida, duk wani ɗunkule da kori da ke kicin ɗin ta kwashe ta zuba a shara, wai su ne ke tsotse mutane. Miyar kuka da safe, miyar kuka da rana, miyar kuka da dare. Gidan kuma ɗaki da falo ne, kun ga falon nan da Karimatu ke ji da shi ya tashi daga aiki ke nan.

Na ce mata, "Share hawayenki. Ai hoto dabara ne."

Washegari muka shirya Nafi'u. Rigar sanyi a ciki, kaftani a kai, sannan babbar riga da ta sha sitati, ga rana ta take. Muka zaunar da shi a tsakar gida kusa da bango, inda Karimatu ke jingine taɓaryarta, saboda nan ne haske ya fi kyau. Aka dire masa tiren shinkafa da kaza a gaba. Ni na riƙe babbar wayar Karimatu a tsaye ina ɗauka, ita kuma tana bayana tana ba da umarni. Bawan Allah yana gumi yana cewa, "Inna ina wuni? Ga ni nan lafiya lau, ina ci ina ƙoshi." Akuyar gidan ma ta sa baki daga turkenta. Muka duba, ba laifi. Bai yi ƙiba ba, amma dai ba za a ce a kai shi asibiti ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Wayar Inna 'yar ƙarama ce, irin rakani-kashin nan mai tocila, ba a tura mata komai sai an zuba a memori an ba direba ya kai. Sai muka ɗauki mayafi muka nufi shagon Sabo mai turi a bakin kasuwa, wanda ke zuba wa mutane fina-finai da karatu a waya. Dattijon arziki ne, ga furfura ga tabarau, kwamfutarsa kuma ta girmi auren Karimatu. Yana da irin wayar Inna sak, da ita yake gwaji.

Ya zuba, ya danna, waya ta ce ba ta san zancen ba.

Ya ce, "Hajiya, wannan ƙaramar ba ta cin abincin manya. Sai an juya mata shi zuwa irin nata, an rage masa nauyi."

Karimatu ta ce, "Malam Sabo, rage wa komai nauyi, amma ban da mutumin da ke ciki."

Ya juya. Muka tsaya muna kallon wani koren layi yana rarrafe a fuskar kwamfuta. Da ya cika aka kunna: baƙi ƙirin, ba hoto, sai muryar Nafi'u kawai ke fitowa, 'yar siririya kamar daga cikin rijiya.

Karimatu ta ce, "Wannan ai ita kanta muryar a rame take! In Inna ta ji wannan, ko sallama ba za ta yi wa maƙwabta ba."

Ya sake juyawa. Wannan karon hoto ya fito tas, murya kuma ta yi ɓatan dabo. Ga Nafi'u yana ta buɗe baki yana rufewa, ko uffan.

"Za ta ce yunwa ce ta hana shi magana! Malam Sabo, ka rufa mini asiri!"

Sabo ya gyara tabarau ya ce, "Ki kwantar da hankali. Hoto da murya ai kamar matafiyi da kayansa ne, wani lokaci ɗaya ya riga ɗaya isa tasha. Yanzu zan haɗa su."

Ya haɗa su kuwa, sai dai an gudu ba a tsira ba, don murya ta riga hoto yin gaba. Nafi'u bai buɗe baki ba an riga an gama gaisuwa. Da ya zo ya buɗe bakin, cikin ladabi, hannu a ƙirji, me ya fito? "Meeeeh!" Akuya!

Jama'a, na durƙushe a ƙasa. Wasu masu jiran a zuba musu fim suka leƙo, ɗaya har yana cewa a tura masa shi ma. Ban gama farfaɗowa ba sai ga Nafi'u ya kai loma baki, ya buɗe, muryar Karimatu ta fito raɗau daga bakinsa: "Kumbura kumatun mana, Baban Walida! Kumbura!"

Karimatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa hawaye har haɓa. Ta zungure ni ta ce, "Ladidi, ke fa ba ki da kirki. Falona ake shirin ƙwacewa kina dariya."

Na ce, "Yi haƙuri ƙawata, wallahi ba ni ba ce, akuyar ce."

Ana wata ga wata, NEPA suka ɗauke wuta. Sabo ya fita ya yi ta fama da janareta, yana ja tana tari. Da ta tashi ya dawo ya zauna, ya yanke wurin "kumbura", ya ja muryar baya kaɗan-kaɗan, yana kallon leɓen Nafi'u yana saurare, har "Inna ina wuni" ta zauna daram a bakin mai ita, akuya ta koma turkenta. Ya ce saura juyi na ƙarshe, ya danna wani abu don hoton ya cika fuskar ƙaramar wayar, tunda ni da wayar a tsaye na ɗauka, hoton ya fito dogo siriri.

Aka kunna. Muka leƙa.

La ilaha illallahu! Wani ƙasaitaccen Alhaji ne zaune a tsakar gidan Karimatu. Kumatu suntuma-suntuma, wuya ya nutse cikin kafaɗa, babbar riga ta cika fam. Ya ɗan gajarce, amma wa ke ta tsawo? Wallahi in kika gan shi a hanya sai kin rusuna kin roƙi kujerar Makka.

Sabo ya ce, "Af! Kuskurena ne. Hoton ne ya buɗe ta gefe. Bari in mayar da shi yadda yake."

Karimatu ta daka tsalle ta tare gaban kwamfutar. "Kar ka taɓa! Don girman Allah kar ka taɓa!"

"Hajiya, ai ba daidai ba ne. Kin ga duk abin da ke cikin hoton..."

"Malam Sabo, ka taɓa zama gida ɗaya da suruka?"

Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Allah Ya ba da sa'a." Ya zare memori ya miƙa mata.

A hanya har rangaji take yi. "Ladidi, kin ga faɗuwa ta zo daidai da zama? Abin da na kasa da man shanu da ƙwai, ga shi inji ya yi kafin a kira la'asar." Muka naɗe memorin a leda, muka ba direban da ke bin hanyar Bakori. Shi kansa Nafi'u da aka nuna masa da yamma, kallon kansa ya yi ta yi yana murmushi. Ya ce, "Ashe haka zan yi kyau."

Ba a jima ba sai ga kiran Inna, guɗa ta fara yi kafin sallama. "Ayyururui! 'Yar nan, Allah Ya yi miki albarka! Na gani, na sake gani, na kira maƙwabta sun gani. Kai, komai na gidan nan ya yi kyau, ya cika ya batse!"

Ranar Karimatu ta yi mana dambun nama. Ta sake labulen falo, ta sayo sabon kori babban gwangwani. Ni ma na taya ta murna tsakani da Allah, don na ɗauka magana ta ƙare.

Shekaranjiya da hantsi ina shanya, sai na ji ɗan sahu ya tsaya a ƙofar gidansu. Na taka bokiti na leƙa ta katanga, kun san ni ba na son gulma, tsautsayi ne. Me zan gani? Ana sauke katifa. Ana sauke akwatin ƙarfe, da buta, da ƙullin kuka wanda ya kai girman matashin kai, da kaza ɗaure da ƙafa. A bayansu ga Inna Yalwa tana takowa da sandarta, gwiwoyin da ba sa son mota sun iso lafiya lau.

Shi kuma gogan naku bai fita shago ba. Yana tsakar gida yana wanke baki, daga shi sai singileti, haƙarƙari a jere ana iya ƙirgawa daga inda nake.

Karimatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta yi mutuwar tsaye. Can ta zube ƙasa. "Sannunku da zuwa, Inna. Ba ku ce kuna tafe ba."

Inna ta ce, "Yawwa 'yar nan." Ta dubi autanta daga sama har ƙasa.

Na ga idon Karimatu yana zagaye tsakar gida yana neman mafita. Sai ta marairaice murya. "Wallahi Inna, da kun zo da wuri da kun gan shi yadda yake a wayar. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi bayan nan, shi ne duk ya zabge."

Nafi'u ya yi sauri ya ƙirƙiro tari.

Inna ta gyaɗa kai cikin tausayi. Ta taka a hankali har bakin bango, ta ɗauki taɓaryar nan da ke jingine, ta juya ta, ta zagaye ta da yatsu biyu.

Ta ce, "Allah sarki, ashe har ita zazzaɓin ya kama. A waya na gan ta ta kai turmi kauri. Ku shigar mini da katifata falo, ba inda za ni sai na yi jinyarsu su biyun."