Ranar da Bature Ya Sa Ni Kuka a Motar Mutane

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Disamba ba, ko da na so in manta.

Wankin motoci nake yi a wani filin sayar da tsofaffin motoci a Gate City Boulevard (duk shekarun da na yi a Amurka ga inda na tsaya, kada wanda ya tambaye ni dalili). 'Yata Hafsa ta kawo takarda daga makaranta, wai in sa hannu za ta shiga cikin masu waƙar ƙarshen shekara. Na hau faɗa. "Waƙar Kirsimeti? A gidana?" Kwana shida yarinyar nan ba ta ce mini uffan ba, ko gaisuwa sai da ka.

Abin da ba ta sani ba, na tsinci wani tsohon faifai a cikin wata mota da aka kawo. Wani Bature ne, irin masu waƙar ofera ɗin nan, an ce duk duniya an san shi. Waƙar Kirsimeti yake yi. Ko kalma ɗaya ba na ganewa. Amma in ya ja muryar nan sama, sai in ji Inna tana waƙa a bakin dutsen niƙa. Innar da ta rasu ban je gida ba, saboda rashin takardun zama.

To, ranar ina cikin motar, gilasai a rufe, na ƙure sauti, na wage baki ina bin Bature kamar jaki, hawaye da majina sun haɗu. Sai na ji ƙwanƙwasa. Hafsa ce riƙe da kular abincina, uwarta na tsaye a bayanta.

Na rasa wurin kashewa. Na danna wani abu, sai magogin gilashi ya tashi.

"Rediyon nake gwadawa," na ce.

Hafsa ta zagayo ta shigo ta zauna. Ba ta yi dariya ba (da ta yi, da ya fi mini sauƙi). Ta miƙo mini tishu, ta ce da Hausarta ta 'yan koyo: "Baba, waƙar nan za mu yi a makaranta. Mayar da ita farko."

Na mayar. Muka ji tare, tuwo yana hucewa. Da na koma gida na sa hannu.

Yanzu na gane: kafin mutum ya hana abu a gidansa, ya tabbata shi ba ya yinsa a ɓoye. In kuwa yana yi, kada ya yi lokacin kawo abinci.