Ganuwar Layinmu

Shekarar da aka naɗa ni wakilin layinmu a kwamitin ruwa na Sharafiyya, har sabuwar jallabiya na ɗinka. Kowane layi wakili ɗaya ne, Umda mai unguwa ke jagorantar zama, a yanke inda magudana za ta bi kafin ruwan saman da Jidda ke gani jefi-jefi.

Da aka ce ruwan layin sama ta namu zai wuce, na miƙe.

"Halas, magana ta ƙare! Ni da na girma a gonakin rani na Sudan za a koya wa ruwa? Kowa ya ji da ruwansa!"

Umda ya ce, "Ya Hajji, zauna mana." Na fice.

Na tara maƙwabta, muka kewaye layinmu kaf da ganuwar ƙasa. Ranar da aka sheƙa ruwa, ko ɗigon na wani bai shigo ba, wannan kam a shaide ni. Namu ne ya rasa hanyar fita.

Matata na tsaye a tsakar gida, ruwa har gwiwa, tukwane na iyo, ta ce, "Malam, ga ruwanka nan, ji da shi."

Har yau, da hadari ya haɗu, sai na ji daga shaguna: "Wakili, a buɗe ko a rufe?"