Sufeton Sikeli a Layin Tallafi

Duk wanda ya taɓa sauke kwandon kifi a bakin ruwan Yelwa ya san Malam Almustapha, Sufeton Sikeli, mutumin da in ya ɗora tabarau a karan hanci tarwaɗa da kanta take daina motsi a auna ta. Shekara goma sha tara yana awo a gidan ƙanƙara. Ba a taɓa naɗa shi sufeto ba, shi ya tausaya wa hukuma ya naɗa kansa.

Da man inji ya yi tsada, kamfanin ya rufe, aka sallami kowa. Sauran ma'aikata suka koma gida suka zauna kamar mutane. Shi kuwa washegari ya zuba babbar riga, ya rungumi fayil, ya gangaro bakin ruwa da takun ƙasaita.

"An ɗaga ni sama," ya ce da masunta. "Yanzu tafkin ga baki ɗaya yana hannuna, tun daga Shanga har Ngaski. Birnin Kebbi nake kai rahoto."

Mu kuma mutanen Yelwa, Allah ya yi mu da girmama fayil. Ko kaza ta rungumo shi sai mun miƙe mata. Wata bakwai muna gaishe shi da rusunawa, ba wanda ya leƙa ya ga babu komai a ciki sai waƙoƙin da yake rubuta wa ruwa da faɗuwar rana, waɗanda ko ruwan bai nema ba. A gida kuwa bandar kifin matarsa Halimatu ke riƙe da tukunya. Da ruwa ya cika, kifi ya yi wuya, bandar ma ta yi sanyi.

Ana nan wata gidauniya ta zo rubuta sunayen waɗanda suka rasa aiki, za a ba kowa shinkafa da gero na wata shida. Sharaɗi ɗaya ne: mutum biyu da ba dangi ba su shaida ba ka da aiki. Ranar ƙarshe ta rajista Halimatu ta karkata masa tukunyar hatsi ya ga gindinta. Ya ɗauki hula.

Layi ya kai har bakin titi. Da suka hango shi sai suka dare, ana ta raɗa cewa Sufeto ya zo duba aiki. Magatakarda, wani mai suna Andrew, ya goge masa kujera. Malam Almustapha ya sunkuya, ya yi magana ƙasa ƙasa kamar mai tambayar hanyar bayan gida a gidan surukai. Andrew ya ɗaga kai da mamaki, ya ce to, a kawo shaidu.

Ya yafuto Gambo da Surajo, tsofaffin masunta da suka girma tare, yana fatan abota za ta gane abin da baki ya kasa faɗa.

"Baba," in ji Andrew, "kun shaida wannan bawan Allah ba shi da aiki?"

Gambo ya dafe ƙirji. "Wa? Wanga? Kai ɗan nan, ka san da wa kake magana? Kullum garin Allah ya waye yana bisa aiki!"

"Ko ran Juma'a bai hutawa," Surajo ya ƙara. "A kawo Alƙur'ani in dafa."

Kalma ɗaya ta rage tsakanin Malam Almustapha da buhunan hatsi, ga ta nan a bakin harshe. Ya dubi layi, layi ya dube shi, ido fiye da ɗari cike da ladabi. Cikinsa ya yi ƙugi, ya rufe shi da gyaran murya.

"Madalla, ɗana," ya ce da ƙarfi. "Gwada ka nake. Na ga ba ka rubuta sunan wanda bai cancanta ba. Zan sa wannan a rahoto."

Andrew ya yi ajiyar zuciya, har da godiya. Sannan ya roƙi alfarma: ga tsofaffin ma'aikatan gidan ƙanƙara da shaidunsu ba su cika ba, ko ranka ya daɗe zai sa musu hannu? Ai babban mutum ba ya ƙin talakawansa. Ya sa wa tara hannu, kowane da lanƙwasa mai kyau, suna ta sa masa albarka har aka kira la'asar aka rufe rajista.

Ya tarar da Halimatu ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta leƙa bayansa ko ɗan acaɓa na tafe da kaya.

"Malam, an rubuta ka?"

"An rubuta ni?" Ya gyara wuyan riga. "Halimatu, yau sunana sau tara ya shiga takardar nan."

Ta ɗaga murfin tukunya, tururi ya tashi.

"To miƙo shi nan in zuba," ta ce. "Ruwa ya tafasa."