Rasuwar Mai Tsawa, Babur ɗin da Aka Juya wa Giya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Rabi ta Nahuce nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Gusau, Tsafe da Bungudu rasuwar Mai Tsawa, jan babur ɗin tsere na Ibrahim, mai neman aurena. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, a damina ta 1998, a bakin wata gonar dawa.

Marigayin mai zumunci ne. Shekara biyu yana kawo Ibrahim zance daga Tsafe, kwance a kan tankin mai, bai taɓa fashi ba. Tun yana Bungudu nake jin wuuun-wuuun ɗinsa, kaji su watse, ni in nemi mayafi. Da yake ba na iya magana a wurin zance, labarin marigayin ne ya riƙe mu. Na san fuloginsa, na san salansarsa, har yau ban san irin miyar da Ibrahim yake so ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ƙaunarsa ba. Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda yake wuce jana'iza a giya ta shida ba, don ba ya shirin karɓar ta da takaba.

Ciwon ajalin ya faro ne a garejin Bitrus bakanike a Gusau. Ibrahim ya sa aka juya masa giya irin ta 'yan tsere: da, ana taka ta ɗaya ƙasa a ɗaga sauran sama, yanzu ta ɗaya ce sama, sauran a taka. Bitrus ya ce a rubuta a manna a tanki. Ibrahim ya ce babu mai hawa sai shi. Ni kuwa ya yi mini bayanin har sau huɗu.

Ran Lahadi suka zo ba Baba haƙuri, Ibrahim da kawunsa Malam Labbo. Ashe an manta goro. Ibrahim yana zaure kansa a ƙasa yana shan faɗa, sai Malam Labbo ya fito, ya ga makulli a jikin marigayin, ya ce, "Shekara talatin ina bisa mashin, bari in kai Bungudu in dawo."

Ina tsaye a ƙofa da kwanon ruwa. Na sani sarai. Amma yarinya mai tarbiyya ba ta buɗe baki gaban suruki. Na ja mayafi na rufe fuska.

Malam Labbo ya taka giya ƙasa yana neman ta ɗaya, ya samu ta biyu. Marigayin ya yi tari, ya daure ya tashi. Da gudu ya yi gudu, Malam ya ɗaga ƙafa sama kamar yadda ya saba, ya faɗa ta ɗaya, ya kuma ƙara wuta. Duk Nahuce ta ji maganar marigayin ta ƙarshe: wiiiii, ƙas, ƙas, shiru. Malam Labbo bai ji ciwo ba, sai dai har yanzu ana neman hularsa a cikin dawa. Bitrus ya zo ya duba ya ce inji ya buga.

Marigayin ya bar Ibrahim, wanda yanzu yake zuwa a motar haya kamar kowa, da hular kwano ɗaya, da rabin galan na mai. Inna ta tambaye ni ko kunya ce kaɗai ta riƙe mini baki. Na rufe fuska.

Za a ɗauko gawar a bayan a-kori-kura ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a kai ta makwancinta a bayan garejin Bitrus, ƙarƙashin tamfol. Daga nan masu ta'aziyya su wuce Nahuce, ƙofar gidanmu, inda Baba ya ce tun da babu marigayin, a zo a sa rana. Ana roƙon Malam Labbo ya taho da goron, a ƙafa.