Kwanon Sikeli

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe rufaffen kwano a gaban baƙo ba, ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina. Wanda bai san ni ba zai ce ai wannan ba abin kunya ba ne. To bari in fara faɗa muku ko ni wace ce a unguwarmu Zangwetin kafin a rushe ta.

Ni ce mai rabo. Suna ne, biki ne, sadakar arba'in ce, ni ake ajiye wa kujera gaban tukunya, har daga unguwar Dapoya ana aikowa a ɗauke ni a babur. Ban taɓa shiga aji ba, amma in na dubi taro sau ɗaya na san yawan malmalar da za ta ishe shi. Kuma ina da doka guda da kowa ya sani: kowace tukunya sai na ɗebi kwano ɗaya na rufe da faifai na tura bayan kujerata, na baƙon da bai iso ba tukuna. Ko yara na kuka, ko uwar biki ta roƙa, ba a taɓa shi. Maƙwabciyata Ladi ta taɓa ɗaga faifan nan a wani suna, wai leƙawa kawai za ta yi, na sauke mata ludayi a bayan hannu a gaban surukanta. (Ta ce ta yafe. Ku riƙe wannan a ranku.)

A shekarar da maganar rushe unguwa ta tabbata, jikata Rakiya ta gama karatun ordinatar, wato kwamfuta. Ubanta ya rasu, ni da ita muke riƙe da gidan, da ɗan siber, shagon hayar kwamfuta, da ta buɗe a zaurenmu, inda direbobin Nijar da 'yan makaranta ke zuwa su zauna gaban gilashin kwamfuta. In an rushe zaure, siber ya tafi ke nan. Shi ya sa da wani kamfani a Kosodo, unguwar masana'antu, ya ce zai gwada ta aiki, muka ɗauki abin da hannu biyu.

Damuwar kamfanin, yadda ta bayyana mini, ita ce: suna da babban inji guda da ke yi wa kowa aiki. In masu lissafi suka tashi nasu, sai su cinye ƙarfin injin duka, mai auna manyan motoci a sikeli ya zauna yana kallon gilashinsa ya daskare, motoci su yi layi har titi. Suka ba ta aron tsohon injinsu, suka ce ta raba masa ƙarfi yadda wani ba zai ci rabon wani ba, shugaban sashen zai zo ya gani da idonsa.

Kalmar rabo da na ji ita ta kama ni.

Aka kawo abin a amalanke, wani akwatin ƙarfe mai gurnani dare da rana kamar tsohon da ke fama da majina. Na ja kujerata na zauna bayan Rakiya. Ranar farko ta ce, "Iya, ba ki da aiki ne?" Na ce, "Aikina ke nan, in ga abin da ake yi a zaurena."

Na yi ta tambaya har ta gaji ta fara amsawa. Ta ce injin kawuna huɗu gare shi a ciki, kowane kai yana aiki da kansa. Na ce ta buɗe in gani, ta ce ko na gani ba zan ga ido da baki ba. Ta ce ana iya tara kawunan kashi-kashi, kowane kashi a ɗaure masa masu cinsa, ta faɗi sunan abin da Faransanci, da ta ga na yi mata ido sai ta ce, "Kwanuka, Iya. Ki ɗauka kwanuka ne." Kwano na ɗaya na injin kansa, kai ɗaya. Kwano na biyu na masu lissafi, kai biyu, kuma ta haɗa gilasan siber da shi don ta ga yadda zai yi in maciya sun yi yawa. Kwano na uku na sikeli, kai ɗaya.

Na ce, "To da me kike rabon? Ban ga hannunki ya shiga ciki ba."

Ta ce akwai abin da suke kira bibliyotek, wato kayan aiki ne da waɗanda suka ƙera injin suka riga suka tanada. "Ke da kanki kike sassaƙa ludayi duk ranar biki? Ai na masassaƙi kike ɗauka. To ni ma haka. Na rubuta ɗan umarni nawa, shi yake ɗaukar nasu: wannan ya buɗe rabo, wannan ya ɗebe daga nan ya zuba can, wannan ya ce ya tabbata." Wallahi abin ya burge ni. Na kwana biyu ina tunanin wane irin mutum ne ya zauna ya sassaƙa ludayin da ba a gani.

A gilashinta akwai sanduna uku kore, kowane kwano da sandarsa. In ana ci, sanda ta hau. In ba a ci, ta kwanta. Ban iya karatu ba amma na iya kallo. Na lura ta masu lissafi kullum tana can ƙololuwa tana rawa, ta sikeli kuwa kwance take shame-shame, ba mai taɓa ta. Na kuma lura da yatsun Rakiya in za ta matsar da kai daga kwano zuwa kwano tana gwaji: maɓalli na gefen hagu, sai lambar kwanon da za a ɗebe, sai lambar wanda za a zuba, sai babban maɓallin nan mai lanƙwasa. Lamba kam na sani, na yi cinikin goro tun uwarta ba ta yi haƙori ba.

Sau biyu na ce mata, "'Yar nan, rabonki bai yi ba. Ga mutane suna lasar kwano, ga wani a cike ana kallo." Ta ce, "Iya, haka ake so." Na ce wa yake so? Ta ce za ta bayyana mini in ta samu sarari. Ba ta samu ba. Ni kuma a raina na yanke cewa boko ya koya mata komai ban da adalci.

Ranar gwaji da hantsi zaure ya cika. Ladi ma ta shigo wai aron rariya, ta tsaya jikin ƙofa ba ta da niyyar tafiya. Rakiya ta sa atamfarta mai kyau, ta duba injin, ta ce za ta fita bakin titi ta tarbo baƙon don lungunmu ɓatar da mutum yake.

"Iya, kada kowa ya taɓa teburina."

"Wa zai taɓa ina zaune?"

Tana fita, wani direban Maradi mai suna Illo, da ya daɗe yana jiran gilashinsa ya buɗe masa saƙon mai kaya, ya juyo ya ce, "Iya, don Allah wannan abu naku azumi yake? Jakin ƙauyenmu ya fi shi sauri." 'Yan makaranta suka yi dariya. Na dubi sanduna. Tasu tana sama tana haki, ta sikeli tana barci. Na ce a raina, yanzu baƙon nan zai shigo ya ga wannan rashin tsari, ya ce yarinya ba ta iya rabo ba, aiki ya kuɓuce. Kuma, tunda gaskiya na zauna faɗa, yatsana ya daɗe yana ƙaiƙayi. Ina so in ji yadda ludayin nan yake a hannu.

Na tashi na zauna a kujerarta. Na yi bismilla. Na hagu, uku, biyu, mai lanƙwasa.

Sandar masu lissafi ta sauko ta huta. Illo ya ce, "Kai! Ya buɗe!" Yara suka juyo suna kallona baki sake. Wani daɗi ya ratsa ni wanda rabona da irinsa tun ranar da na fara ganin Ka'aba a hoto mai motsi. Sai na ce to tunda abin haka ne, bari in ƙaro musu na kwano na ɗaya ma. Na danna. Injin ya yi ƙara ɗit, ya fito da jan rubutu, ya ƙi. Na sake, ya sake ƙi. Na ce masa, "Rowa dai ba kyau," na koma kujerata na gyara mayafi.

Baƙon ya shigo, wani dogon Bamoshe mai furfura a gemu, Mushe Salfo (Mushe nan ba gawa ba ce, Malam ke nan da Faransanci). Ya durƙusa ya gaishe ni da Mosanci, ya kira ni Yaaba, kaka ke nan a bakinsu. Na ce wannan ɗan mutunci ne. Rakiya ta yi masa bayani da Faransanci yana gyaɗa kai. Sai ya ce to a ɗauka mota ta hau sikeli yanzu, ga siber cike ana aiki. Ya miƙa hannu da kansa ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa. Aikin sikeli ko motsi bai yi ba. Na ga gumi ya tsattsafo a wuyan Rakiya. Ta ce minti ɗaya, Mushe, jiya ya yi, ɗazu ma ya yi. Ya dubi agogonsa, ya fara jawo jakarsa kusa da ƙafa.

Ni kuwa (Allah ya kiyashe ku da wautar mai tabbaci) ko kusa ban haɗa wannan da abin da na yi ba. Na ɗauka fuskarsa ta ɓaci ne don bai ga wurin da aka yi gyara ba. Sai na miƙe, na yi gyaran murya irin wadda nake yi gaban tukunya, na ce da Mosanci, da ƙarfi yadda har na waje zai ji:

"Mushe, bar duba wancan, ba komai a ciki. Dubi wannan na tsakiya. Yarinya ce, ta bar kwano cike ba mai ci, ni na gyara mata rabon. Na juye shi ga masu yunwa. Tambayi direban can in bai ji daɗi ba."

Illo, ɗan albarka, ya ce, "Gaskiya ya yi sauri."

Rakiya ta juyo a hankali. "Iya. Me kika taɓa?"

Na nuna mata da yatsa a iska, ina alfahari: na hagu, uku, biyu, mai lanƙwasa.

Mushe Salfo ya saki jakar. Ya ce, "Yaaba, wa ya koya miki?" Na ce, "Ido." Ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi sai ya ce, cikin ladabi, wanda ya fi zagi zafi: "Yaaba, wancan da kika ga ba mai ci, da gangan aka bar shi. Mota ba ta sallama kafin ta zo. Ana so duk sa'ar da ta iso ta tarar da nata yana jiran ta."

Kafin maganar ta gama sauka a kaina, sai na ji murya daga bakin ƙofa, a sanyaye, kamar mai tambayar farashin albasa.

"Af. Wato kwanon baƙo ne?"

Ladi ce. Tana shafa bayan hannunta da rariyata.

Jama'a, na so ƙasa ta tsage. Duk wanda ke zauren nan ya san dokata, rabinsu sun taɓa shan ludayina. Dariyar da aka yi har mai shayin bakin lungu ya leƙo. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai ba a sa masa faifai ba."

Mushe Salfo ya daina dariya. Ya juya ga Rakiya ya ce, "Wannan kuma gaskiyarta." Ya tambaye ta me ya sa injin ya bari a kwashe kwanon sikeli tas. Na ce masa ai na ɗaya ma na gwada, ya ƙi. (Ban san me ya sa na ƙara tona kaina ba.) Ya ce to kin ji, na injin an ɗaure shi tun daga maƙera, ba ya yarda a bar shi ba kai ko ɗaya, na sikeli kuwa Rakiya ba ta sa masa iyakar da ba a sauka ƙasa da ita ba, kuma ta bar teburinta a buɗe. Ya ce a Kosodo akwai masu ƙaiƙayin yatsa da ba su kai ni hankali ba.

Rakiya ba ta yi musu ba. Ta kira rabon da ta adana tun farko, ya dawo yadda yake, ta sa wa kwanon sikeli iyakarsa a gabansa. Ya ce in zo in sake gwadawa. Na ce na tuba. Ya ce a'a, sai na zo. Haka na tako a gaban Ladi da direbobi, na danna na hagu, uku, biyu, mai lanƙwasa, injin ya yi mini ɗit da jan rubutu. Aka yi tafi, ban san ko wa ake yi wa ba.

Bai ba ta aikin a ranar ba, ya ce zai yi shawara. Kwanakin da suka biyo baya Rakiya tana gaishe ni, tana kawo mini ruwan alwala, amma ba ta kallon idona, ni ma tuwo ba ya wuce mini. Sai da aka aiko cewa ta fara zuwa aiki Kosodo na san ina da ci. Albashin nan shi ya yi mana rufin ɗaki a sabon fili bayan an rushe mu.

Har yau ina rabo, kuma har yau ina rufe kwanon baƙo. Sai dai na daina ɗaga ludayi a kan mai leƙawa. Faɗa masa nake na wane ne, tunda na gane mai ido ma yana iya kallon abu wata guda bai san don me aka ajiye shi ba. A sunan ɗan fari na Rakiya, ina tura kwanon bayan kujerata, sai ga ta ta fito daga ɗaki da jariri a kafaɗa, ta ɗora dutsen niƙa a kan faifan.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Iyaka ce, Iya. Akwai masu gyaran rabo a gidan nan."