Bindigar Malam da Jirgin Mai Hoto

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, da la'asar ɗin da na harbi jirgin sama ina cikin takaba. 'Yata Binta ce ke rubutawa, ni ko sunana aka rubuta a bango ba zan gane shi ba. Na ce mata ta sa komai yadda na faɗa, har wuraren da za ta so ta tsallake. Tunda duk Daura an riga an gan ni a waya, gara a ji sauran daga bakina.

Sai na fara da Nasiru, autana, don in ban fara da shi ba za a ce hauka ce kawai ta kama ni. Soja ne, can gabas aka kai shi. Zuwansa hutu na ƙarshe, suna zaune da mahaifinsa a tabarma suna cin tuwo, ni ina gefe ina tsinke zogale, na ji yana cewa, "Baba, yanzu ba ta gaba suke zuwar mana ba, ta sama ce. Wani ɗan jirgi ne maras matuƙi, bai fi faifai ba, irin wanda ake sayarwa a kanti 'ya'yan masu hali suna wasa da shi. Sai su ɗaura masa gurneti su turo. In ka ji ƙara kamar taron zuma ya taso, to ka kwanta." Ya kumbura kumatu ya kwaikwayi ƙarar, jikoki suka yi ta dariya. Har ni na yi dariya, Allah Ya yafe mini.

Ba a kawo mana gawarsa ba. Mutum biyu ne suka zo cikin kaki da jakarsa. Ba su faɗi abin da ya kashe shi ba, ni kuma bakina ya kasa tambaya, sai na yanke wa kaina cewa abin nan mai kukan zuma ne. Har gobe haka na riƙe.

Malam, maigidana, maharbi ne, gadon gidansu ne. Yana da bindigar toka da ya karɓa daga hannun mahaifinsa. Da aka watse daga zaman makoki ya ɗauko ta, ya goge, ya ɗura mata albarushi da harsashi, ya jingine ta bayan ƙyaure. Na ce, "Malam, wa za ka harba?" Ya fita abinsa. Bai kuma sake shiga daji ba har damina ta zagayo, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi abinsa.

To bindigar nan ita ta rage mini. Rigunansa an raba, buzun sallarsa ƙaninsa ya ɗauka. Ita kuwa itacenta ya yi baƙi daidai inda tafinsa ke kamawa, kuma ɗurin da ke cikinta hannunsa ne ya yi shi. In kewa ta taso mini sai in je in tsaya kusa da ita in shaƙi ƙanshin man kaɗanya da albarushi. (Binta, kada ki kalle ni haka, rubuta.) Babban ɗana, wanda ke fataucin dabbobi a Mashi, ya ce mini, "Inna, lasin ɗinta ya mutu tun Baba na da rai, kuma da sunansa ne. Doka ba ta yarda a ajiye ta haka ba. Bari in kai wa mai unguwa ya san yadda za a yi."

Na ce, "Ba inda za ta je. Ka bari in fita takaba tukuna."

"In aka zo bincike fa?"

"Wa zai binciki ɗakin tsohuwa?"

Ya ƙyale ni. Da ma ya fi ƙarfina a ranar.

Ana haka sai bikin 'yar maƙwabcinmu, Alhaji Mamman, ya matso. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mutumin kirki, ya zo har zaure ya aiko Binta ta gaya mini cewa saboda rasuwar Malam ya hana kiɗa, ya hana lasifika, za a yi komai shiru. Na yi kuka na sa masa albarka. Matan da ke shigowa gaishe ni kuwa, da zarar wata ta ɗauko zancen bikin sai a zungure ta, wai ba a yi wa mai takaba hirar shagali. Saboda haka ba wanda ya gaya mini cewa abokan ango, da aka hana su makaɗa, sun ɗauko mai hoto daga Katsina, kuma mai hoton nan da ɗan jirgi yake aiki. Kowa a unguwa ya sani, har akuyoyina ina jin sun sani. Ni kaɗai aka mutunta.

Ranar, duk gidan sun tafi can, ni kaɗai. Na fito daga wanka, ɗaurin ƙirji, kaina ba ɗankwali, na zauna bakin ɗaki ina shafa mai a ƙafa. Unguwa tsit, sai muryoyin mutane ƙasa-ƙasa ta bayan katanga. Sai na ji zuma.

Da a ce ana kaɗa kalangu, da ban ji ba. Da na ji ma, da na ce wani abin biki ne. Amma cikin shirun nan da aka yi domina, ƙarar ta zo mini sak yadda Nasiru ya yi ta da bakinsa. Na ɗaga kai, ga shi ya taso ta saman darbejiyar Alhaji, ƙafafu huɗu, da wani baƙin abu rataye a cikinsa. Ya tsaya cak a iska. A ƙarƙashinsa kuwa taron mata da yara ne maƙil.

Nasiru cewa ya yi a kwanta. Ni ban kwanta ba. Ban san lokacin da na shiga ɗaki ba, sai ganin bindigar na yi a hannuna. Shekarun da na yi ina kallon Malam sun sa na san inda ake ɗana kunamar bindiga. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake tokare gindinta a kafaɗa, don wannan a daji ake yi, ni kuwa ba a zuwa da ni. Na tsaya tsakar gida, na ɗaga ta sama, na rufe ido duka biyu (maharba ɗaya suke rufewa, daga baya aka gaya mini), na kira sunan yarona, na ja.

Ban zaci za ta tashi ba bayan daɗewar da ta yi. Ta tashi. Ta kuma buge ni a ƙirji ta wurga ni baya cikin kwatarniyar ruwan dusar awaki. Na faɗa a zaune, ƙafafu sama, hayaƙi ya rufe ni, kunnuwana suka toshe.

Jirgin ko gezau bai yi ba. Reshen darbejiya na samu, ya karye ya rufto kan rumfar 'yan biki. Wani ya yi ihu, "'Yan bindiga!" Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. An kifar da tukunyar shinkafa, takalma sun cika layi, abokan ango da manyan riguna sun haura katangar masallaci, shi kansa angon a rumbun gero aka zaƙulo shi. Gwaggon amarya, sa'ata, ta gurɗe ƙafa a kwata. Allah Ya tsare ba wanda harsashi ya taɓa. In na tuna yawan yaran da ke ƙarƙashin bishiyar nan, har yau abinci fita yake daga raina.

Kafin magariba 'yan sanda sun zo. Saboda takabata aka ce ba za a kai ni caji ofis ba, a zauna a zauren mai unguwa. Na lulluɓe har ido, Binta na riƙe da ni. Zauren cike da maza: mai unguwa, liman, Alhaji Mamman, babban ɗan sandan, da mai hoton, wani siririn saurayi. An shimfiɗe bindigar Malam a ƙasa kusa da jirgin. Kusa da kusa na ga ashe roba ce, baƙin abin cikinsa kuma idon ɗaukar hoto.

Ɗan sandan ya ce, "Iya, wa ya harba bindigar nan?"

Na ce, "Ni ce."

Ya dubi hannuwana. "Iya, kada ki rufa wa wani asiri. Wane yaro ne a gidan?"

"Ba kowa. Ni ce."

Bai yarda ba, mai unguwa ma bai yarda ba. Sai mai hoton ya ce a hankali, "Yallaɓai, ai jirgin ya ɗauka."

Nan ne fa. Ya kunna a wayarsa, maza suka haɗa kai suna kallo, sannan aka miƙo mini wai in tabbatar. Ban taɓa ganin kaina daga sama ba. Wata 'yar tsohuwa na gani kamar ƙwaro, kai fari fat ba gashin kirki, ƙasusuwan kafaɗa a waje, tana tangaɗi da bindigar da ta fi ta tsawo. Sai hayaƙi, sai ƙafafu biyu a sama, sai akuya ta matso tana lasar dusa a gwiwarta. Ni da ake cewa ko muryata kada namiji ya ji sai da lalura, ga ni a hannun liman da zane ɗaya. Liman ya kawar da kai yana istigfari. Wani ɗan sanda daga baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Alhaji Mamman ne kawai ya sunkuyar da kai, na ga hawaye a gemunsa, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

Aka tambaye ni dalili, na faɗa musu zancen Nasiru. Babban ɗan sandan ya ce, "Allah Ya ji ƙansa. Ba za mu kai ki kotu ba, Iya. Amma bindiga ba lasin, kuma an harba ta cikin jama'a, dole mu tafi da ita."

Na ce, "Ɗana, ita kaɗai ya bar mini."

"Na sani."

"To a cire mata kunamar, a toshe bakin, a bar mini itacen."

"Ba ni da ikon haka."

Na nuna jirgin. "Shi wannan fa? Irinsa ne ya cinye mini yaro. Yana da lasin?"

Ya juya ga mai hoton, shi kuma ya hau sosa ƙeya. Ashe jirgin ma ana neman izini kafin a tashe shi, kuma yaron bai nema ba. Aka haɗa bindigar da jirgin aka sa a mota. Na ji wani sanyi kaɗan, na ce aƙalla tare za su kwana.

Bidiyon kuwa, kafin a ce a goge ya riga ya fita. Wane ne ya tura, ban sani ba, ban kuma ɗora wa yaron nan ba. Jikata da ke aure a Sandamu a wayar mijinta ta gan ni. Wani ya sa masa kiɗa. Yaran unguwa suka laƙaba mini suna, in na wuce sai in ji ana raɗa, "Ga Soja nan." Ba su san wanda suke kira ba. Ni kuwa duk sanda na ji sai na waiga.

Da na fita takaba, inda na fara zuwa bayan gaishe da gwaggon amarya shi ne ofishin 'yan sanda, ni da babban ɗana. Aka ba ni kujera, aka kawo mini ruwa. Suka ce mai hoto ya kawo takardunsa ya karɓi jirginsa tuntuni. Bindigar kuwa an haɗa ta da waɗanda aka ƙwato an tura Katsina, can ake yanka su da inji a ƙone. Na ce ko za a bar ni in bi ta in gan ta sau ɗaya? Ɗan sandan da ke wurin ya ce ba ya jin zan tarar da ita. Bindigar da ta ciyar da gida tun zamanin surukina, ba ta taɓa nuna ɗan Adam ba, ta tafi mota ɗaya da bindigogin ɓarayin daji. A hanyar dawowa ɗana bai ce "ai na gaya miki" ba. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Yanzu mai hoton in yana da aiki a unguwarmu sai ya fara biyowa ya durƙusa a zaure: "Iya, gobe za mu tashi jirgi." In ce Allah Ya kai mu. In na ji ƙarar sai in shige ɗaki in toshe kunne, don sanin cewa hoto ne bai hana ni tuna Nasiru ba. Can fagen daga inda 'ya'yan mutane suke, har yanzu ana ɗaura wa irinsa abin da ake ɗaurawa, ba kuma wanda ke zuwa zaure ya sanar da uwayensu.

Malam ya yi ɗurin nan ne domin waɗanda suka kashe mana yaro, ni kuma na kashe ɗurin a kan reshen darbejiya, su ko ƙarar ba su ji ba. Abin da na koya kaɗan ne, kuma ya zo a makare. In kuna da mai makoki a maƙwabta, ku daina tausaya mata da shiru, ku gaya mata abin da zai bi ta saman gidanta. Ke kuma tsohuwa 'yar'uwata, in zuciya ta ce ki fita yaƙi, ki tsaya ki ɗaura ɗankwali tukuna. Kafin ki gama ɗaurin wataƙila wani ya shigo ya gaya miki biki ake yi.